BABI NA HUƊU: TARKEN TSARIN DUBA ƊALIBAI MASU KOYON AIKIN KOYARWA A BOƊINGA DA SHAGARI

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake tura ɗaliban kwalejojin ilimi da na jami'o'i zuwa makarantun firamare da na sakandare domin koyon aikin koyarwa. Wannan babi kuwa zai ɗora malamin duba ne da kansa a kan faifan nazari. Dalili shi ne, kusan duk abin da ake faɗa game da koyon aikin koyarwa a kan ɗalibi yake ƙarewa: bai shirya darasi ba, muryarsa ba ta kai ƙarshen aji, rubutunsa a allo ya karkace. Ba kasafai ake waiwayar wanda ya zauna a bayan aji riƙe da fom da biro ba, balle a tambaye shi ko yakan koma ya auna hukuncin da ya yanke. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

An taƙaita nazarin a kan ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari saboda dalilai biyu. Na farko, suna kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, wato ba su yi nisa da birnin da manyan makarantun horon malamai na jihar suke ba, amma kuma makarantunsu na karkara ne. Na biyu, kowace daga cikinsu tana da tarihin da ya shafi tarbiyyar malamai, kamar yadda za a gani.

4.1 Ma'anar Bitar Kai

Kafin a shiga tarke ya kamata a daidaita kalma. "Tunani" ta yi faɗi da yawa, domin mai tunanin abin da zai ci da dare ma tunani yake yi. "Nadama" kuwa ta ƙunshi cewa lallai an yi laifi. "Waiwaye" ta fi kusa, sai dai mai waiwaye yana iya duban baya bai gyara komai ba. Saboda haka a wannan nazari an zaɓi "bitar kai", ana nufin mutum ya koma kan aikin da ya yi, ya tambayi kansa abin da ya faru, da dalilin da ya sa ya ɗauki matakin da ya ɗauka, da abin da zai sauya in ya sake samun kansa a wannan hali.

John Dewey, masanin falsafar ilimi na Amurka, shi ne akan fara ambata a wannan fage. A littafinsa How We Think, wanda ya fito a 1910 ya kuma sake wa fasali a 1933, ya bambanta aikin da mutum yake yi bisa sabo da wanda yake yi bayan ya auna hujja. A wurinsa bitar kai tana farawa ne daga ruɗani, wato lokacin da abin da aka saba yi ya ƙi ci. Donald Schön ne ya ɗauko wannan ra'ayi ya kai shi cikin sana'o'i a littafinsa The Reflective Practitioner na 1983. Ya kwatanta ilimin da ake koyarwa a jami'a da tudu mai tsauri inda ƙa'ida take aiki sumul, aikin yau da kullum kuma da fadama mai caɓi inda matsaloli ba su zuwa a jere kamar yadda suke a littafi. Ya raba bitar gida biyu: wadda gwani yake yi yana cikin aikin, da wadda yake yi bayan ya gama. Abin lura a nan shi ne, malamin duba mutum ne da yake taso wa daga tudun, ya leƙo fadamar na ɗan lokaci, ya ba wanda yake cikinta maki, ya koma.

4.2 Daga Malamin Zagaye Zuwa Mai Fom

Duba aikin malami ba sabon abu ba ne a lardin Sakkwato. Tun bayan buɗe Kwalejin Katsina a 1921 aka fara samun 'yan ƙasa da aka horar musamman domin koyarwa, daga baya kuma En'e ta riƙa naɗa ƙwararrun malamai su zagaya makarantun elemantare suna duba na ƙasa da su. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya bi wannan turba kafin siyasa ta ɗauke shi. Ya yi elemantare a Yabo, ya yi Midil ta Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo ya koyar a Midil ɗin da ta yaye shi, ya shugabanci makarantar firamare a Argungu, sannan a shekarun 1950 ya zama malamin zagaye na lardin. Ke nan, kafin a ba shi ikon duba wani sai da ya sha ƙurar alli shekara da shekaru, a cikin yaran da ya san karin harshensu da gidajen da suka fito. Waƙar Nijeriya da ya tsara, wadda ta ƙunshi labarin ƙasa da tarihi, ana iya kallonta a matsayin dabarar malamin da ya lura cewa yaro Bahaushe ya fi riƙe abin da aka rera masa a kan wanda aka karanta masa.

Ba wai ana nufin zamanin En'e ba shi da aibu ba ne. Makarantun kaɗan ne, 'yan mata kuwa ba su da yawa a ciki, kuma tsoron malamin zagaye ya fi son ganinsa yawa. Abin da ake son nunawa shi ne mai duba da wanda ake dubawa sun san juna, kuma gobe ma za su haɗu.

Yawa ne ya sauya wannan tsari. An kafa Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Sakkwato a 1970, wadda daga baya aka sa wa sunan Shehu Shagari, aka kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara kafin a tanadi isassun malamai, har ta kai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin horar da su daga nesa. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta zo a 1989, Hukumar Rajistar Malamai a 1993, sannan a ranar 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a nan Sakkwato. Da ɗalibai suka yi yawa, masu duba kuma suka kasance ba lallai su san makarantar da aka tura su ba, sai aka nemi ma'auni guda da kowa zai yi amfani da shi. Wannan ma'auni shi ne fom.

A yi wa fom adalci, yana da amfani. Yana hana malamin duba ba da maki bisa ga son rai kawai, yana kuma tunatar da shi abubuwan da zai iya mantawa: tsarin darasi, gabatarwa, sanin abin da ake koyarwa, amfani da allo da kayan koyarwa, sarrafa aji, auna fahimta, da kamalar malami. Matsalarsa ita ce duk layukansa ɗalibi suke kallo. Babu gurbin da mai duba zai rubuta tsawon lokacin da ya yi a ajin, ko ya iso ne darasi ya yi rabi, ko ya taɓa koyar da wannan fanni, ko ya fahimci abin da yaran suke faɗa. Malamin da ya taso daga Sakkwato da safe yana son ya ga ɗalibai a Sifawa da Dingyaɗi da Dancaɗi kafin a tashi makaranta, ko ya kai Kajiji da Lambara da Dandin Mahe ya dawo kafin la'asar, dole ya gutsura kowane darasi. Abin da ya gani a cikin wannan ɗan gutsure shi ne zai zama makin da zai bi ɗalibi har takardar shaidarsa. Fom ɗin da aka cike a minti goma da wanda aka cike a minti arba'in kamanninsu ɗaya idan sun isa ofis.

Dan Lortie, a littafinsa Schoolteacher na 1975, ya ƙiyasta cewa kafin yaro ya gama sakandare ya shafe kimanin sa'o'i 13,000 yana kallon malamai suna koyarwa, kuma wannan kallo ne yake sassaƙa masa siffar "malamin kirki" fiye da duk horon da zai samu daga baya. Masana sukan kawo wannan magana a kan ɗalibi mai koyon aiki. Amma ai ta fi kama malamin duba, tunda shi ma yadda aka duba shi haka yake dubawa. Wanda aka kunyata a gaban aji a zamaninsa, in bai yi bitar kai ba, zai ɗauka kunyatarwa wani ɓangare ne na horo.

4.3 Darasin Hausa a Ajin Basakkwace

Babu inda rashin bitar kai yake fitowa fili kamar a darasin Hausa, don haka za a ɗan daɗe a nan.

Daidaitacciyar Hausa, wadda ake rubuta littattafan makaranta da jarrabawa da ita, an gina ta ne galibi a kan karin Kano. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, Hukumar Hausa ta ci gaba da aikin daga 1955, aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Yaron Boɗinga ko na Shagari kuwa da Sakkwatanci ya buɗe baki. Yana cewa "munka tahi" a inda littafi ya ce "muka tafi", "shina zuwa" a maimakon "yana zuwa", "wanga" da "wagga" a maimakon "wannan", "gidanai" a maimakon "gidansa", "hwari" a maimakon "fari". A wurin dirka ma "na" da "ta" yake amfani da su, littafi kuma "ne" da "ce". Bugu da ƙari, a cikin ajin akwai 'ya'yan Fulani waɗanda Hausar ma harshe na biyu ce gare su.

A ɗauka ɗaliba mai koyon aiki tana koyar da lokutan aikatau a aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ta nemi misali, yaro ya tashi ya ce, "Jiya munka tahi kasuwa." Hanyoyi uku ne a gabanta. Tana iya cewa kuskure ne ta gyara masa. Tana iya karɓa ta wuce. Tana kuma iya rubuta "munka tahi" da "muka tafi" gefe da gefe a allo, ta nuna wa yara cewa na farko shi ne na gida, na biyu shi ne wanda jarrabawa take nema, duka biyu kuma aiki ɗaya suke yi a jimla. Hanya ta uku ce ta fi dacewa da ilimin harshe, amma tana cin lokaci, kuma ba ta cikin tsarin darasin da ta rubuta.

To, yaya fom zai auna wannan? Mai duba da yake bin layi zai ga ta kauce wa tsarin darasi, ya rage maki. Wanda ba Basakkwace ba zai iya ganin ta bar kuskure ya hau allo, ya rage mata a wajen sanin fanni. Wanda shi kansa Basakkwace ne kuma mai yiwuwa kunnensa bai ma ji wani bambanci ba. Mutum uku, darasi ɗaya, maki uku, kuma babu ɗayansu da zai san cewa karin harshensa ne ya yi hukuncin, ba ƙa'idar koyarwa ba. Ɗalibar kuwa darasi ɗaya za ta ɗauka: ran da mai duba zai zo, kada a nemi misali daga bakin yara. Ta haka ake yaye malamar da za ta shekara talatin tana gaya wa yaro cewa maganar mahaifiyarsa kuskure ce.

Abin mamaki shi ne, wannan yaro da aka hana faɗin "munka" zai ci karo da ita a darasin adabi. Waƙoƙin Hausa na masu jihadi na ƙarni na 19 da karin yamma aka tsara su. Haka waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda ake tinƙaho da su a nazarin waƙar baka. Wato abin da aka ja wa jan layi da safe a darasin nahawu, shi ake yabawa da hantsi a darasin adabi. Malamin duba da bai taɓa zama ya yi wa kansa wannan tambaya ba, ba shi da abin da zai gaya wa ɗalibin da ya rasa yadda zai yi.

Manufofin gwamnati ma ba su tsaya wuri ɗaya ba balle a jingina da su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a shekarun farko na firamare. A 2022 aka amince da manufar da ta faɗaɗa haka zuwa shekara shida, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar janye ta da komawa ga Ingilishi. Ɗalibin da yake tsaye gaban yaran aji biyu a ƙauye, waɗanda ba su jin Ingilishi, shi zai yanke shawarar harshen da zai yi musu bayani da shi, kuma mai duba ne zai saka masa ko ya hukunta shi.

4.4 Inda Ra'ayoyin Turawa Suka Ci da Inda Suka Gaza

Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin bitar kai a ƙasashen Turai ita ce zagayen Graham Gibbs na 1988 mai matakai shida: bayyana abin da ya faru, faɗin abin da aka ji a rai, auna kyau da muni, ƙwanƙwance dalili, yanke hukunci, da tsara abin da za a yi gaba. Tsari ne mai sauƙin riƙewa, kuma ya fi babu. Sai dai matakinsa na biyu ya ginu ne a kan al'ummar da ƙarami yake iya duban babba ya faɗi abin da ke ransa. Kirk-Greene, a laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya da ladabi da haƙuri cikin halayen da Bahaushe yake auna mutum da su. Ɗalibar da aka tarbiyyantar da waɗannan halaye, idan malaminta na kwaleji, wanda makinta yake hannunsa, ya ce mata, "Yaya kika ji da darasin nan?" amsarta ba za ta wuce "Lafiya lau, Malam" ba, kanta a sunkuye. In ya kawo gyara ta ce, "To, Malam, na gode." Mai duba da bai yi bitar kai ba zai rubuta cewa ta karɓi gyara. Alhali kuwa "to" a bakin ƙarami ba koyaushe take nufin yarda ba, sau da yawa kara ce.

Haka nan ra'ayin Schön na bita a cikin aiki ya sha suka daga Michael Eraut a 1994, wanda ya nuna cewa malamin da yake tsakiyar aji ba shi da sararin dogon nazari, shawara yake yankewa cikin ƙiftawar ido. Wannan suka ta fi ƙarfi a ajin da yara suka cika maƙil, wasu a kan benci wasu a ƙasa. Amma abin da ya kamata a lura da shi shi ne, sukar ba ta shafi malamin duba ba. Shi a zaune yake, ba alli a hannunsa, ba yaron da yake jan rigarsa. In akwai mutum ɗaya a ajin da yake da damar bita a cikin aiki, to shi ne.

Ra'ayin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne na Robert Goldhammer na 1969, wanda suka haɓaka tare da Morris Cogan a Jami'ar Harvard. Ya tsara duba aikin malami a matakai biyar: ganawa kafin darasi, kallon darasi, nazarin abin da aka gani, ganawa bayan darasi, sannan na ƙarshe, mai duba ya koma ya binciki yadda shi kansa ya gudanar da dubawar. Idan aka auna wannan da abin da aka saba gani, za a tarar mataki na biyu ne kaɗai yake da tabbas. Na huɗu yakan zama 'yan kalmomi a bakin ƙofar aji ko a jikin mota. Na biyar kuwa, wanda shi ne kaɗai ya juya madubi ga mai duba, shi ne aka fara yarwa. Ke nan ba a iya cewa ra'ayin ya gaza ba, tunda ba a taɓa ɗaukarsa ɗungurungum ba.

4.5 Gadon Sifawa da Boɗinga

Akwai masu ganin bitar kai baƙuwar aba ce da boko ya kawo. Tarihin ƙasar Boɗinga bai goyi bayan wannan ba. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa yana karantarwa da wallafa har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kusa da shi. A wannan tsakani ne Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukh a 1812, inda ya bi malamansa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da ya karanta a wurin kowannensu. Malami ne da ya kai ƙololuwa yake komawa ya binciki inda iliminsa ya fito, wato abin da Lortie ya ce malamai ba su cika yi ba. A Tazyinul Waraƙati na 1813 kuwa bai ɓoye ɓacin ransa da yadda wasu mabiya suka karkata ga mulki da dukiya ba, har ya ba da labarin yadda ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, tafiyar da ta tsaya a Kano. Jagora ne yake tarken tafiyar da shi kansa yana cikin waɗanda suka assasa ta. Nana Asma'u ma, a tsarin 'yan taru, ba ta sallami jajis sau ɗaya ta bar su ba. Sukan je ƙauyuka su karantar da mata, su dawo wurinta da tambayoyi da matsaloli, su ƙara karatu su koma.

Kalmar da malaman zaure suka sani ita ce muhasaba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware mata babi a Ihya'u Ulumiddin, inda ya kwatanta mutum da ransa da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Shi ma matakai shida ya kawo, amma nasa sun fara ne da musharaɗa, wato gindaya wa kai sharaɗi tun kafin a fara aiki, sannan muraƙaba, sa wa kai ido ana cikin aikin, sannan muhasaba bayan an gama. Ta wannan fuska tsarinsa ya fi na Gibbs cika, domin na Gibbs sai abu ya faru yake farawa. Malamin duba da zai tsaya a ƙofar aji ya ce wa kansa, "Yau na gaji, kuma ɗalibin nan ya taɓa yi mini gardama a lacca, kada in bari wannan ya shiga cikin maki," musharaɗa ya yi.

Duk da haka, bai kamata son gado ya rufe ido ba. Muhasaba niyya da amana take bincika, tsakanin bawa da Ubangijinsa. Mutum yana iya tsarkake niyyarsa sarai, amma yaran ba su gane aikatau ba, kuma hukuncinsa a kan ɗalibi ya zama kuskure. Niyya ba ta maye gurbin hujja. Haka kuma ladabin zaure bai saba da almajiri ya auna malaminsa ba. Saboda haka gadon ya ba da ɗabi'ar da kalmar da mutane za su karɓa ba tare da ganin baƙunta ba, amma sai an haɗa masa da abin da ido ya gani aka rubuta.

4.6 Abin da Horon Malamin Duba Ya Kamata Ya Ƙunsa

Akan ɗauka duk wanda yake koyarwa a kwaleji ko jami'a ya iya duba ɗalibi. Wannan zato ne ya kamata a fara rushewa, domin sanin nahawu daban, sanin yadda ake kallon mai koyar da nahawu daban. Hanya mafi sauƙi ta nuna haka ita ce a sa masu duba biyu ko uku su kalli darasi ɗaya, ko a aji ko a hoton bidiyo na wayar hannu, kowa ya cike fom ɗinsa ba tare da shawara ba, sannan a baje su a tebur. Bambancin makin da zai fito shi ne ruɗanin da Dewey ya ce bita tana farawa daga gare shi. Wannan ba ya bukatar kuɗin mota ko alawus, kuma tsakanin tsara da tsara ne, inda kunya ba ta ɗaure baki kamar tsakanin malami da ɗalibi.

Na biyu, a raba abin da aka gani da hukuncin da aka yanke. "Ba ta iya sarrafa aji ba" hukunci ne. "Yara shida na layin baya ba su da littafi, sun juya suna hira tun daga minti na goma" abin da aka gani ne, kuma da zarar an rubuta shi haka mai duba zai tambayi kansa ko laifin ɗalibar ne ko na rashin littafi.

Game da kunya kuwa, a sauya tambayar. Maimakon a tambayi ɗalibi abin da ya ji a ransa, a tambaye shi game da yaran: "Malama, wane yaro kike ganin bai gane ba? Me ya nuna miki?" Ɗalibar da ba za ta iya kushe kanta ko malaminta ba, za ta yi magana a kan yaro har ta manta da sunkuyar da kai. Sannan a jawo malamin ajin na dindindin cikin ganawar, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya san yaron da ya yini kiwo jiya, da yarinyar da takan makara saboda talla, da ranar kasuwar da take kwashe rabin aji. A halin da ake ciki, sau da yawa zuwan ɗalibi mai koyon aiki hutu ne a wurinsa, kuma ba mai neman ra'ayinsa.

Daga ƙarshe, a buɗe gurbi a bayan fom wanda mai duba zai cike game da kansa: ƙarfe nawa ya shiga, ƙarfe nawa ya fita, ya gana da ɗalibi kafin darasi ko bai gana ba, fanninsa ne ko ba nasa ba, da kuma abu ɗaya da ya gani wanda bai tabbatar da hukuncinsa a kai ba. Za a iya cewa wasu za su cike shi da ƙarya, ko su mayar da shi wani layin da ake ja wa alama a wuce, kamar yadda ɗalibai suke kwafar tsarin darasi daga na abokansu. Wannan gaskiya ne, kuma duk gurbin da ba mai karantawa haka yake zama. Saboda haka dole kwamitin koyon aikin koyarwa na sashe ya zauna a kan waɗannan bayanai kafin a amince da maki, kuma duk makin da aka bayar bayan kallon da bai kai rabin darasi ba a jingine shi sai wani mai duba ya sake komawa ajin.